Abin Da Muka Tarar A Hagu Da Sifiri

 Da aka ce mu 'yan ajin ƙarshe mu rubuta abin da za mu bari a baya, mun daɗe muna gardama a kan abin da za mu zaɓa. Wasu suka ce wasan ƙwallo, wasu suka ce tuwon ɗakin cin abinci wanda bai taɓa sake kama ba tun shigowarmu. Daga bisani muka daidaita a kan wani darasin lissafi na aji ɗaya, domin duk cikinmu babu wanda ya manta da shi, kuma akwai wani alhaki da muka ɗauka a cikinsa wanda har yau ba mu sauke ba.

A firamare abu ɗaya muka sani game da ɗebewa, wato ƙarami ake cirewa daga babba. In malam ya rubuta biyar a cire takwas, sai duk aji ya ɗaga murya, "Ba ya yiwuwa!" In akwai wata lamba a gefe sai mu ƙara da cewa, "Mu aro ɗaya." In kuwa babu maƙwabcin da za a ara a wurinsa, to magana ta ƙare ke nan. Sifiri a wurinmu sunan babu ne. Shi ne ƙasan tukunya, in ka kai can sai ka ajiye ludayi. Shekara shida muna wannan karatu har ya zauna mana daram, kuma da wannan guzuri muka shigo ƙaramar sakandare.

A makon farko na zango na biyu, cikin watan Janairu, hunturu ya kankama, kowa leɓensa ya tsage, sai Malamarmu ta lissafi ta shigo da gwaji. Tambayoyi 20 ne a kan abin da muka yi a zangon baya. Kafin ta raba takardu ta rubuta ƙa'idarta a allo: wanda ya ci tambaya yana da maki 2, wanda ya faɗi za a cire masa maki 1, wanda ya bar gurbi babu ci babu cirewa. Ba mu ɗauki abin da zafi ba. A tunaninmu, komai lalacewa dai mutum ba zai wuce sifiri ba.

Kashegari aka dawo mana da takardu. Mutum bakwai suka ga wani ɗan gajeren zane kwance a gaban makinsu. Wani yana da −1, wata tana da −2, har zuwa wani abokinmu wanda ba za mu ambaci sunansa ba, shi ya sami −6. Ya ci tambaya 4, wato maki 8, ya faɗi 14, ya bar 2. Akwai kuma wata 'yar ajinmu da zazzaɓi ya kama ran nan, sunanta kaɗai ta rubuta ta kifa kai a kan benci, ita ta sami sifiri.

Malama ta ce mu fito gaban aji mu jeru bisa ga maki, babba a dama, ƙarami a hagu. Na saman ba su sha wahala ba. Da aka iso ƙasa sai rigima ta tashi. Abokin nan namu ya je ya tsaya a gaban mai −2, ya ce ai shida ta fi biyu, wannan ko ɗan aji ɗaya na firamare ya sani. Mai −2 ta ce ita ba ta yarda ba amma ba ta san dalili ba. Mai sifiri kuwa ta lallaɓa ta koma can ƙarshen layi, don a ganinta ba ta da komai, ita ce kurar baya. Malama ta kama hannunta ta kawo ta gaban mutum bakwai ɗin nan duka. Kai, ranar an yi surutu! Wadda ba ta rubuta komai ba ta wuce wanda ya cika takarda? Abokinmu ya koma ƙarshen layi idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Malama, a firamare an ce mana ba a cire babba daga ƙarami. To yaya aka cire mini 14 daga 8?"

Muka fashe da dariya. Kafin a buga ƙararrawar tashi mun riga mun raɗa masa suna, Shida-Ƙasa. Gaskiyar magana ita ce, tambayar da ya yi tana cikin ran kowannenmu, shi ne kawai ya yi ƙarfin halin furta ta. Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce masa, "Yarona, riƙe wannan tambaya da kyau, za mu dawo mata."

Makonni biyu da suka biyo baya sun yi mana wuya. A aji Malama tana ta zana layi a allo, sifiri a tsakiya, mu kuwa hankalinmu yana kan neman gajeriyar hanya. Muka same ta a wurin karatun dare. Wani babban ɗalibi, da kyakkyawar niyya, ya koya mana wata hadda: alama biyu iri ɗaya su zama tarawa, alama biyu daban su zama ɗebewa. Muka riƙe ta kamar aku, muna rera ta a hanyar famfo, muna rera ta a layin abinci. Haddar ba ƙarya ba ce, tana da wurinta, sai dai mu ba mu san wurin ba, duk inda muka hango alamar ɗebewa guda biyu sai mu haɗe su. Da aka ba mu −3 a tara da −4, fiye da rabin aji suka rubuta 7. Masu ɗan wayo suka rubuta 1, su ma ba su san daga ina suka samo ba.

Malama ta duba littattafanmu ta girgiza kai. Ta ta da ɗaya daga cikinmu ta ce, "Maman nan mai ƙosai ta bakin ƙofa, a ce tana bin ka naira 300. Yau ka sake cin na 400 bashi. Bisa ga abin da ka rubuta, yanzu ita ce za ta ba ka 700. Tashi ka je ka karɓo, muna jiran ka." Yaro ya tsaya yana susar ƙeya. Kowa ya san Mama, ya kuma san tsohon littafin nan nata mai maiƙo inda take zana sanda-sanda a gaban sunan kowa. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ba a taɓa jin ta ruɗe tsakanin wanda take bi da wanda yake bin ta canji ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ashe lambobin da muke tsoro sun daɗe a cikinmu, sunansu kawai aka sake.

Ran Juma'a ta ce kada kowa ya ɗauko littafi. Ta aiki mutum biyu madafa su ɗebo toka a bokiti, wasu su tsinto duwatsu, muka fita filin bayan azuzuwa. Aka ja igiya aka zuba toka a miƙe, daga wajen ɗakin cin abinci har zuwa katanga. Akwai wani mangwaro a tsakiyar wurin, ta ce gindinsa shi ne sifiri. Daga nan aka riƙa ajiye dutse a kan kowane taki, ana rubuta lamba a kai da alli. Na wajen ɗakin cin abinci su ne 1, 2, 3, har gaba. Na wajen katanga su ne −1, −2, −3, har gaba. Ta ja kunnenmu a kan cewa tazarar duwatsun dole ta zama ɗaya, don haka aka auna da sanda, ba a bar wa ƙafar kowa ba, gama takin dogo daban da na gajere.

Ƙa'idar wasan gajeriya ce, kuma muna roƙon ƙannenmu su karanta wannan wuri a hankali. Lambar farko ita ce inda za ka tsaya. Alamar aiki ita ce za ta faɗa maka inda za ka fuskanta: in tarawa ce ka fuskanci ɗakin cin abinci, in ɗebewa ce ka juya ka fuskanci katanga. Lamba ta biyu kuma ita ce za ta faɗa maka irin tafiyar: in ta sama da sifiri ce ka yi gaba, in ta ƙasa da sifiri ce ka ja da baya ba tare da ka waiwaya ba. Inda ka tsaya, nan ce amsa.

Malama ta kira abokin nan namu shi ya fara. Ta ce ya tsaya a kan 8, ya cire 14. Ya juya ya fuskanci katanga ya fara takawa muna ƙirga masa. A taki na takwas ya iso gindin mangwaro ya ja ya tsaya, kamar wanda ya iso bakin rijiya. Malama ta ce, "Me ya tsai da kai? Ƙasa ta ƙare ne?" Ya dubi gabansa, ga toka tana nan a miƙe, ga duwatsu. Ya ci gaba, tara, goma, har goma sha huɗu, ya duba ƙarƙashin ƙafarsa ya ga −6. Abin da aka ce mana ba ya yiwuwa, ga shi mutum ya yi shi da ƙafarsa a gaban mutum arba'in. Gani ya kori ji.

Daga nan sai abubuwa suka fara warwarewa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta sami −2 ta je ta tsaya a kan dutsenta, kowa ya ga ta fi shi kusa da ɗakin cin abinci, wato ta fi shi. A kan layi, duk wanda ke dama ya fi na hagu, ko da lambarsa ta yi kama da ƙarama. Shida ɗin da yake taƙama da ita nisansa ne daga mangwaro, ba girmansa ba. Wanda ke kan 6 da wanda ke kan −6 nisansu ɗaya daga sifiri, amma taki 12 ne a tsakaninsu. A nan ma wasunmu suka yi tuntuɓe, suka ƙirga duwatsu maimakon taki suka sami 13, sai da aka sa su suka sake takawa. Sai aka zo kan −3 a tara da −4. Yarinya ta tsaya a kan −3, ta fuskanci ɗakin cin abinci, ta ja da baya sau huɗu, ta tsaya a kan −7. Masu amsar 7 suka hango dutsensu can nesa a ɗaya gefen, babu wanda ya ce uffan.

Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne 3 a cire −2. Wani dogo a cikinmu ya tsaya a kan 3, ya juya wa ɗakin cin abinci baya tun da ɗebewa ce, sa'an nan ya ja da baya taki biyu. Sai ga shi a kan 5! Ya ce a'a, an yi kuskure, ya sake. Ya sake zuwa 5. Yana ɗebewa, yana ja da baya, amma yana ƙara kusantar abinci. Wani ya yi ihu daga baya ya ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, aka yi ta dariya har Malama. A nan ne muka gane inda haddarmu take aiki: sai alamun biyu sun zo kafaɗa da kafaɗa, ɗaya tana cewa juya, ɗaya tana cewa ja da baya. In kuwa kowace tana manne da tata lamba, kamar −3 da −4, to bashi ne a kan bashi. Malama ta maido mu kan Mama mai ƙosai ta ce, wanda aka yafe wa bashin naira 200, ko ba a sa masa ko kwabo a hannu ba, ai ya fi jiya da naira 200. Cire bashi ƙari ne.

Ana shirin komawa aji, abokinmu yana nan tsaye a gindin mangwaro, sai ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malama, ke nan sifiri ba babu ba ne." Ta ce ya ci gaba. Ya ce mahaifiyarsa tana sayar da hatsi a kasuwa, buhu take karɓa bashi, ta auna da mudu ta sayar, ta biya, ta sake karɓa, kuma shi yake rubuta mata lissafi in ya je hutu. Ya ce, "A gidanmu, ranar da muka kai sifiri, murna ake yi." Wuri ya yi tsit. Mu da muka yi mako biyu muna kiran sa Shida-Ƙasa, ba mu san cewa ya fi mu sanin hagun layin nan ba, can yake zaune tun kafin a zuba toka.

A mako na gaba Malama ta dawo kan tambayarsa ta farko kamar yadda ta yi alkawari. Ta ce kada mu raina mai irin wannan tambaya, domin manyan masana sun yi ta fiye da shekara dubu. Abin da ta faɗa mana mun bi shi daga baya a laburare da intanet, ga kaɗan daga ciki.

Mutanen ƙasar Sin ne aka fara samun rubutunsu a kan wannan al'amari, cikin wani littafin lissafi mai babi tara da ya kai kimanin shekara 2000. Da 'yan sanduna suke lissafi, kuma wani masani mai suna Liu Hui, wanda ya yi wa littafin sharhi a shekara ta 263, ya bayyana cewa jajaye na samu ne, baƙaƙe na rashi. A ƙasar Indiya, a shekara ta 628, Brahmagupta ya rubuta ƙa'idodin tarawa da ɗebewa da ninkawa na waɗannan lambobi har da sifiri, kuma sunayen da ya ba su su ne dukiya da bashi, daidai da na Mama. Ita kanta kalmar sifiri daga Larabci muka aro ta. Alamun + da − kuwa an fara ganin su a littafin ɗab'i a shekara ta 1489, a birnin Leipzig na Jamus, cikin littafin lissafin 'yan kasuwa na Johannes Widmann, inda suke nuna rara da gibi.

Amma masanan Turai sun daɗe suna ja da baya. Cardano na Italiya, a littafinsa na 1545, yana samun irin waɗannan amsoshi amma yana kiran su na ƙage. Descartes na Faransa a 1637 ya kira su na ƙarya. Har a 1758 wani Bature ɗan Ingila, Francis Maseres, ya rubuta littafi guda yana sukar su. Hujjarsu dai irin tamu ce ta firamare: ba a cire abu daga babu. Wanda ake yawan ambata a kan layin lambobi shi ne John Wallis, malami a jami'ar Oxford. A littafinsa na aljabara na 1685 ya kawo misalin mutumin da ya yi gaba yadi 5, sa'an nan ya koma baya yadi 8, ya nuna cewa yanzu yana yadi 3 a bayan inda ya fara. Da muka ji haka muka dubi juna. Ashe abin da muka yi a kan toka ke nan, shi da yadi, mu da taki.

A ganinmu abin da ya hana su, ya kuma hana mu, shi ne ɗaukar lamba a matsayin yawan abu kawai. Muddin lamba tana nufin awaki nawa, ko mangwaro nawa, to −3 shirme ne, gama babu wanda ya taɓa kiwon awaki uku ƙasa da babu. Layi ne ya sake tambayar. Ya bar "nawa ne?" ya koma "ina ne, kuma ta wane gefe?" Da zarar lamba ta zama wuri, sai sifiri ya tashi daga ƙasan tukunya ya zama inda aka yarda a fara ƙirga.

Kuma mutane ne suke zaɓen wurin. Mu mangwaro muka zaɓa, da mun ga dama da mun zaɓi famfo. A ma'aunin zafi, sifiri shi ne inda ruwa yake daskarewa, 100 kuma inda yake tafasa. Abin dariya, Anders Celsius na ƙasar Suwidin, wanda ma'aunin yake ɗauke da sunansa, a 1742 a juye ya tsara shi, sifiri a tafasa, 100 a daskarewa, daga baya ne aka birkice shi. Mu da hunturunmu bai saba kaiwa sifiri ba, sai a cikin firiza muke gamuwa da irin wannan sanyi, inda ake ajiye nama a wajen digiri −18. A tashar bincike ta Vostok da ke Antatika kuwa, ran 21 ga Yuli 1983, an auna digiri −89.2. Mai cewa babu komai a ƙasa da sifiri, ya je can ya kwana ɗaya.

A darasin labarin ƙasa muka sake haɗuwa da layin, wannan karo a tsaye. Sifiri shi ne fuskar teku. Dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419 yake sama da teku. Tafkin Assal na ƙasar Jibuti, wuri mafi zurfi a doron ƙasar Afirka, kimanin mita 155 yake ƙasa da teku. Da aka tambaye mu bambancin tsawonsu, masu gaggawa suka cire 155 suka sami 2,264. Waɗanda suka tuna da dogon nan mai ja da baya suka cire −155 suka sami 2,574, ita ce kuwa daidai, gama sai ka sauko har fuskar teku kafin ka ƙara gangarawa. Gaɓar Tekun Gishiri ta fi haka, ta wuce mita 430 ƙasa da teku, kuma ruwansa yana ƙara ja da baya kowace shekara. 'Yan ƙwallonmu ma sun gane dalilin da ya sa ƙungiyar da ta ci 10 aka ci ta 17 ake rubuta mata −7 a tebur. Wanda kuma ya taɓa aron kati a waya, ya sa na naira 500 ya tarar da 300, ba ya bukatar dogon bayani.

Akwai layi ɗaya da ya yaudare mu, wato na shekaru. An tambaye mu shekara nawa ce daga shekara ta 5 kafin haihuwar Almasihu zuwa shekara ta 5 bayan haihuwarsa, duk muka ce 10, muna jin kanmu. Amsa 9 ce. Wannan ƙirga, wadda Dionysius Exiguus ya tsara a shekara ta 525, ba ta da shekarar sifiri, daga 1 ta kafin haihuwa sai 1 ta bayanta. Layi ne da aka sare masa mangwaro.

Kada ƙannenmu su ɗauka daga ranar toka komai ya zama sauƙi. Da muka zo ninkawa a aji biyu, misalin bashi ya gaza mana. Bashin naira 200 sau uku, wannan a fili yake, −600. Amma bashi sau bashi fa? Wane irin ciniki ne wannan, har ya haifi riba? Wani marubucin Faransa, Stendhal, ya ba da labarin yadda wannan tambaya ta dame shi yana yaro, malamansa kuma suka kasa gamsar da shi. Mu abin da ya fid da mu jeri ne. Malama ta rubuta 3 sau −2, −6. A ƙasa, 2 sau −2, −4. Sai 1 sau −2, −2. Sai 0 sau −2, 0. Ta ce mu dubi amsoshin a kan layi. Muka ga kowane mataki suna matsawa dama da taki biyu. Ta rubuta −1 sau −2 ta miƙa alli. Babu inda za a je sai 2, in ba haka ba jerin ya karye. Daga baya muka lura cewa ninkawa da −1 tsallake mangwaro ne zuwa ɗaya gefen a nisa ɗaya: 4 ta koma −4, in aka sake ta dawo 4. Kamar a wurin maci ne, in aka ce a juya baya sau biyu, inda kake kallo da farko nan za ka koma kallo. Wasunmu a ranar suka gane, wasu sai a aji uku, akwai kuma waɗanda suka amsa mana a wajen rubuta wannan cewa sai da lissafin gudu da birki ya zo a darasin kimiyya sa'an nan abin ya zauna.

Abokin nan namu shi ya zo na ɗaya a lissafi a ƙarshen zangon nan, ya kuma riƙe wurin har ƙarshen aji biyu. Sunan dai bai bar shi ba. Mun ci gaba da kiran sa da shi a fili da ɗakin kwana, muna cewa ai wasa ne, shi kuma yana murmushi yana amsawa. Ba mu taɓa tambayar sa ko yana so ba. Da muka dawo hutu za mu shiga aji uku, gadonsa babu katifa. Muka ji cewa kasuwa ta juya wa mahaifiyarsa baya, kuɗin makaranta ya taru, ya koma makarantar jeka-ka-dawo a garinsu. Ba mu yi sallama ba, kuma a cikinmu babu mai lambar da za a same shi.

Bana Malama ta ba mu aikin taimaka wa 'yan aji ɗaya ran Asabar da safe. Muka ɗebo toka, muka ja igiya daga wajen ɗakin cin abinci zuwa katanga. Mangwaron ya ƙara girma, saiwarsa ta taso, sai an yi hankali wajen taka sifiri. Layin a kan −14 yake cin karo da katanga, yadda yake tun zamaninmu. Wata 'yar ƙarama ta taka har can, ta dafa bulo, ta juyo ta ce, "Yaya, a nan lambobin suka ƙare?" 'Yan ajinsu suka fara ƙyalƙyala dariya, muka tsawata musu da ƙarfin da ya ba su mamaki. Muka ɗaga ta ta leƙa ta kan katanga, ta ga hanya, da gonar dawa, da duwatsu can nesa, ta ce a sauke ta ta gane.

Kai kuma ɗan'uwa, in wani daga garinku ya karanta wannan, muna roƙo ya kai maka saƙo. Mun karɓi mujalla guda ta musamman mun rubuta sunanka na gaskiya a bangonta, dukanmu mun sa hannu a ciki. Tana ofishin Malama, a aljihun tebur na sama, ta ce ko ba ta nan a ba ka.